Likkafar Jirgin Baba

Duk abin da ya same ni a wannan labari, bakina ne ya jawo mini. Da na yi shiru ranar da maƙwabcina ya tambaye ni ko na taɓa riƙe kayan aiki, da yanzu ina nan da mutuncina a unguwa. Amma sai na gyara tsayuwa na ce masa, "Baba, ai ni a Panteka na tashi."

Bai san Panteka ba, don haka na yi masa bayani: kasuwa ce a Kaduna wadda in ka kai musu hoton abu da safe, kafin la'asar sun ƙera maka shi, har da ragi. Wannan gaskiya ne. Abin da ban faɗa masa ba shi ne zamana a Panteka wata uku ne cur, lokacin da na gama sakandare ina jiran sakamako, mahaifina ya gaji da ganina a kwance ya kai ni wajen wani mai walda. A wata ukun nan aikina bai wuce riƙe ƙarfe in Oga zai ɗiga ba, sai kankare kashin walda da guduma, sai sayo ƙosai. Sau ɗaya tak aka ba ni sandar walda. Na ƙi sa gilashi don in nuna jarumta, na kwana biyu idanuna kamar an zuba musu yashi, ana ɗura mini madarar gwangwani. Iyakar takardar shaidata ke nan.

Maƙwabcin nawa tsohon Bature ne, ya haura saba'in, ya yi ritaya daga koyar da lissafi. Tun da muka tare a wannan ɗan gari na jihar Wiskonsin ta Amurka nake lura da wani abu a gidansa. Motocinsa biyu kullum a waje suke kwana, dusar ƙanƙara tana binne su, alhali ga gareji nan mai cin mota biyu. Da dare kuma sai ka ji ƙara daga ciki, tat-tat-tat-tat, kamar ana harbi. Uwargida ta ce mu kira 'yan sanda. Na ce ta rufa mana asiri, mu baƙi ne. Ranar da na fara leƙawa, na ga wani dogon abu na alminiyom yana ƙyalli, an soke jikinsa da 'yan ƙarafa ɗaruruwa ya zama kamar bushiya. Na ce masa Allah ya sa alheri, wannan kwalekwale zai yi kyau a tafkin Winnebago. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce jirgin sama ne.

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ashe shekararsa tara yana fama da shi.

A can ba abin mamaki ba ne. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya haɗa jirginsa a gida, muddin hannunsa ne ya yi fiye da rabin aikin. Suna ce mata dokar kashi 51. Kamfani zai aiko maka da falankan alminiyom a akwatin katako, da zane-zane himili guda, da ƙusoshin ribit sama da 10,000, sauran kuma ya rage tsakaninka da haƙurin matarka. Masu wannan lalura har ƙungiya gare su, EAA, wadda wani matuƙi mai suna Paul Poberezny ya kafa a 1953. Duk ƙarshen watan Yuli suna taruwa a Oshkosh, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga gidanmu ba, jirage wajen 10,000 su sauka cikin mako guda.

Ni ma ban zo hannu rabbana ba. Na ce masa ai mu a Kaduna tuni muka ga irin wannan. Muna yara, in muna ƙwallo a Kawo, wasu 'yan ƙananan jirage sukan riƙa zagaye a samanmu, na koyon tuƙi na sojan sama, ana ce musu Air Beetle. A Kaduna aka harhaɗa su, guda 60, kuma asalinsu samfurin RV-6A ne na Amurka, wanda mutane ke haɗawa a gareji. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya san RV-6A kamar yunwar cikinsa, amma bai taɓa haɗuwa da wanda ya gan shi ya shiga soja ba. Daga ranar darajata ta ɗaga. A tunaninsa, mutumin da ya fito daga garin da aka haɗa jirage 60, kuma ya tashi a kasuwar maƙera, injiniya ne yake ɓoye kansa. Ni kuma ban ga dalilin ɓata wa dattijo tunani ba.

Aikin farko da ya ba ni ya yi daidai da ilimina. Ita ƙusar ribit mutum biyu ne suke buga ta. Ɗaya yana waje da bindigar iska yana dukan kanta, ɗaya yana ciki ya tokare gindinta da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi har ta baje ta kama. Na cikin shi ne ni. Sai in rarrafa cikin jelar jirgin, inda take tsukewa kamar mazurari, in kwanta a kan katako, tumbina ya cike sauran wurin. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, wato na shirya? In ƙwanƙwasa sau biyu. Daga nan sai ka ji kamar an saka ka cikin ganga ana kiɗan Sallah. Kowace ƙusa sai ya auna ta da ɗan ma'auninsa, wadda ta karkace kuwa a huda a cire ta. Na ce, "Baba, a wajenmu in ƙusa ta karkace ƙara mata guduma ake yi." Ya ce, "A wajenku get ba ya tashi sama."

Maganar likkafa ta taso ne bayan an yi wa Baba aiki a gwiwa. Jirgin nasa irin mai fukafukai a ƙasa ne, taya ɗaya a gaba biyu a tsakiya, kuma ta kan fiffike ake shiga. Ba ko'ina ake takawa ba. A bakin fiffike ta baya akwai wani leɓe mai sauka da tashi, wanda ake saukewa in za a sauka ƙasa. In ka taka shi ka yi ɓarna. Dole ka tsallake shi ka dira a kan wani baƙin tsiri mai kaushi da aka manna don ƙafa. Lokacin ƙuruciyarsa, wato yana ɗan sittin da 'yan kai, Baba ya ce shi ba ya bukatar mataki, nauyi ne kawai kuma yana tare iska. Yanzu matarsa ta ce ko dai a sa mataki, ko a sayar da jirgin a mayar mata da motarta gareji. Kafin mako biyu kwali ya iso.

Abin da ke ciki bai kai a kira shi tsani ba. Lanƙwasasshen bututun ƙarfe ne da bai fi kamu biyu ba. Ƙarshensa ɗaya yana da ɗan wurin ɗora ƙafa. A tsakiya an yi masa waldar wani faifai mai faɗin tafin hannu, wanda zai kwanta a jikin jirgi, ɗaya ƙarshen kuma ya shige ciki ƙarƙashin wurin kaya, ya zauna a cikin wani dunƙulen farar roba mai tauri. Guda biyu ne. Na ɗaga ɗaya na ji shafal, na ce wannan ai likkafa ce, ta doki ma ta fi ta ƙwari. Na yi masa bayanin likkafa da sirdi, sunan ya burge shi, har yau haka yake kiranta, ko da yake a bakinsa ta koma "lakafa".

Mun ɓata Asabar guda muna cire ƙusoshin daɓen wurin kaya don mu sami hanyar kaiwa ciki. Sai aka yi masa jika a Minesota, suka tafi mako guda shi da matarsa. Ya ba ni makulli ya ce, "Ka auna, ka sa alama. In na dawo sai mu huda tare."

Na auna. Na sa alama. Sai na tsaya ina kallon alamar, ita ma tana kallona.

Zuciya ta ce mini, dubi dattijon nan da ciwon gwiwa, ina laifin ya dawo ya tarar an rage masa aiki? Ai ko lada ka samu. Na ɗauko abin huda mai zagaye na ɗaura a injin. Fatar jirgin nan kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Kafin in ƙarasa bisimilla rami ya fito tsaf, kamar an fasa bakin gwangwani. Daɗi ya kama ni. Na ɗauko likkafar da ta fi kusa da hannuna na zura. Ta ɗan yi gardama, faifan ya ƙi kwanciya. A Panteka abin da ya ƙi kwanciya lallashinsa ake yi da guduma, sai na lallashe shi. Na bi ramukan ƙusa na huda su reras.

Saura mai riƙe dunƙule. Na tsallaka gida na tarar da uwargida tana tuƙa tuwo.

"Malam, ba alama aka ce ka sa ba?"

"Ai alamar ce nake tabbatarwa."

Ta zo, hijabi a kan rigar sanyi, ta rarrafa ciki tana mita. Ƙusa huɗu ta riƙe. A ta huɗun ta fito dafe da kunnuwa ta ce ita ba a kawo ta Amurka don a kaɗa ta a cikin ganga ba. Har ta kai ƙofa sai ta tsaya, ta karkata kai, ta dubi aikina, ta dubi zanen da ke buɗe a kan tebur.

"Me ya sa taka take kallon gaba? Ta cikin takardar baya take kallo."

Na ce mata daga ɗaya gefen aka zana, kuma harkar injiniya ba tuƙin tuwo ba ce.

Ranar Lahadi Baba ya dawo. Na tsaya a gefe na harɗe hannu ina jiran yabo. Ya daɗe a tsaye. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Sai ya ce, "Abin sha'awa." Duk mai niyyar zuwa wannan yanki ya riƙe wannan: in tsohon Bature ya dubi aikinka ya ce abin sha'awa, salati yake yi da harshensu. Ya ɗauko likkafar da ta rage a kwali, ya juya ta, ya nuna mini ɗan salatif da aka manna aka rubuta dama. Wato wadda na kafa a dama ta hagu ce. Da an ɗaura fukafukai, duk ranar da aka sauke leɓen nan a kanta zai sauka.

Bai zage ni ba, kuma wannan shi ya fi ciwo. Da Oga ne, da tuni ya jefe ni da sifana an wuce wurin. Shi kuwa sai ya jawo wani kwando daga ƙarƙashin tebur, cike da guntayen alminiyom masu ramuka a inda bai kamata ba, ya ce duk nasa ne, ɓarnar shekara tara. Na ji sanyi a raina, har sai da na lura duk cikin kwandon babu ramin da ya kai rabin nawa.

Gyaran ya ci mana Asabar uku. Ƙusa huɗun nan da muka buga da uwargida, wajen cire su biyu suka faɗaɗa raminsu. Nan na san cewa masu wannan sana'a suna da wata ƙusa ta musamman, mai kaurin jiki da ƙaramin kai, wadda aka yi don ta cike ramin da ya yi faɗi ba tare da ta tona asiri ba; sunan da suke kiranta da shi, in za a faɗa da Hausa, sai a ce ƙusar kash. Na ji na ƙaunaci duk wanda ya ƙirƙiro ta, don ya san irina suna duniya. Baba ya yanko wani falanki ya yi wa wurin ninki ta ciki, yana aunawa yana maimaita mini cewa ramin ƙusa ba ya kusantar bakin ƙarfe ƙasa da ninki biyu na kaurinta. Ya shafa fenti tsakanin faifan da jikin jirgi, don baƙin ƙarfe da alminiyom kamar kishiyoyi suke, in ba shamaki kuma laima ta shiga, sai ɗaya ya ci ɗaya. Daga ƙarshe ya ce wannan karon da noti za mu ɗaure, yadda za a iya cirewa in wani abu ya faru. Bai ce saboda wa ba.

Yanzu sai in koma baya kaɗan, don akwai maganar gishiri.

Jirgi mai taya a gaba kamar sikeli yake a kan tayoyinsa na tsakiya. Injin ne, mai nauyin sama da kilo 120, yake danne hanci a ƙasa. A lokacin injin Baba bai iso ba, saboda haka ya rataya buhu shida na gishirin narkar da ƙanƙara a inda injin zai zauna, kowanne kilo 23. Ni a ganina ajiya ce kawai, mutum ya rasa wurin da zai jibge kaya. A makon da suka yi tafiya aka yi ƙanƙara mai santsi, uwargida ta kusa faɗuwa a bakin ƙofa. Ga gishiri har buhu shida a rataye yana zaman banza, ga haƙƙin maƙwabtaka. Na ari uku. Wallahi da niyyar mayarwa.

Ranar da aka gama ɗaure likkafa, matar Baba ta fito da wayarta za ta ɗauki hoto. Baba ya ce, "Kai ne mai sauran gwiwa, gwada mana." Nauyina kilo 104, in na cire takalmi. Na yi bisimilla, na kama gefen jirgi, na ɗora ƙafa, na miƙe da izzar mai hawan daushe.

Dokin kuwa ya amsa. Hancin jirgi ya tashi sama, buhu uku suna lilo a wuyansa, jela ta daki siminti, gwaram. Ni kuma na sulale ta baya na zauna daɓas a cikin kwalin 'yan ƙarafan nan da suka mayar da jirgin bushiya. Matar Baba, Allah ya saka mata, ba ta sauke wayar ba.

Malamin lissafi ya zagaya gaba, ya nuna buhunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya, biyu, uku. Ya sake ƙirgawa, ko lissafin zai canja ra'ayi. Sai ya juya a hankali ya dubi waje ta ƙofar gareji. Duk layin fari fat da ƙanƙara, ban da ƙofar gida ɗaya da take baƙa wuluk, a share fes.

Ya ce, "Abin sha'awa."

Likkafar dai ba ta yi ko gezau ba, wannan kam a rubuta mini. Ƙasan jelar ne ya tsage, na yi mako biyu ina gurzar fiba, ƙura har cikin kunne.

Bayan shekara ɗaya da rabi jirgi ya kammala. Aka kai shi ƙaramin filin jirgin garin, mai duba jirage ya zo ya leƙa ko'ina ya sa hannu. Aka rubuta kalmar da ke nufin "na gwaji" a bakin mashiga, da haruffan da doka ta ce kada su gaza inci biyu. Baba ya yi awa 40 yana tashi shi kaɗai kafin a yarda ya ɗauki mutum. A gaban kujerar fasinja kuma akwai wata 'yar sanarwa ta dole, mai shaida maka cewa ɗan koyo ne ya haɗa wannan jirgi kuma bai cika ƙa'idojin jiragen kamfani ba. Uwargida ta sa na fassara mata ita kalma-kalma, sannan ta tambaye ni inda na ajiye takardun filinmu na Rigasa.

Tashin ba abin da zan ce a kansa sai alheri. Gonakin masara, da tafki, da ni ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Matsalar a saukowa take. Baba ya sha gaya mini in sauko da baya, fuskata na kallon jirgi, kamar mai saukowa daga tsani, in ɗora ƙafa a hankali. Ni kuma na ga wannan zubar da girma ne. Ranar Asabar 'yan ƙungiya sukan tashi zuwa wani fili su ci fanke da safe, jama'a a tsaye suna kallon masu sauka, sai ni babban mutum in juya musu ƙeya ina laluben ƙarfe da ƙafa kamar makaho? Sai na riƙa saukar kwandasta: fuska gaba, in saki jiki in dira da dunduniya a kan likkafa, daga nan in yi tsalle ƙasa ina murmushi. Na yi haka bazara guda.

Duk shekara sai an yi wa irin waɗannan jirage binciken ƙwaƙwaf, kuma wanda ya haɗa jirgi da hannunsa ana ba shi takardar izinin duba nasa. Baba ya kwanta ƙarƙashin fiffike da tocila da gilashin ƙara girma, can sai ya kira ni. A daidai inda bututu ya haɗu da faifai, gefen waldar, akwai wani ɗan layi ja-ja, siririn gaske kamar gashi. Tsatsa ce ta bi tsaga. Ya ce ƙarfe ma yana gajiya: kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye, haka kowace dira take ɗan lanƙwasa wurin, kuma nauyin da aka saki gaba ɗaya ya fi wanda aka ɗora a hankali nesa ba kusa ba. Muka zagaya muka duba ta hagu, gefen matuƙi. Tana nan kamar ranar da aka sa ta. Ta dama mutum ɗaya ne yake hawanta a duk jihar Wiskonsin.

Nan na ga ƙofar wanke kaina ta buɗe. Na ce, "Baba, huda ba fannina ba ce, na yarda. Gishiri kuma tsautsayi ne. Amma walda? Bar mini." Ya buɗe baki zai yi magana, ya rufe. Mutanen nan kunyarsu ita ke cutarsu. Ya kwance notinan ya miƙo mini.

Ina da wani ɗan injin walda da na saya a gwanjon ƙofar gida. Da dare, bayan yara sun kwanta, na ɗaure likkafa a tebur, na sa sanda mai kauri irin wadda muke haɗa get da ita, na murɗa wuta yadda na ga Oga yana yi. Abin da ban lissafa ba shi ne bututun nan ba irin na tagar gida ba ne. Ƙarfe ne na jirage da suke kira 4130, ga ƙarfi ga rashin kauri, ƙarfinsa a haɗinsa yake ba a jikinsa ba. Ina ɗora sanda na ji fus. Na ɗaga gilashi. Inda tsagar take yanzu rami ne da ɗan yatsa zai shiga. Na ce ba komai, a cike. Wajen cikewa gefensa ya narke. Na bi gefen, na gaba ya bi shi. Kafin sha biyun dare ramin ya fi bututun yawa. Garin gyaran gira ido ya tafi, har ya ja hanci.

Na zauna na yi tagumi, sai na tambayi kaina, da Oga ne me zai yi? Amsa ta zo nan take. Akwai guntun rodi ɗan 12 da ya rage lokacin da na gyara shinge. Na lanƙwasa shi na cusa cikin bututun. Na yanko ƙarfe mai kusurwa na ɗora ta nan, na ɗora ta can. Na bi da walda, walda kan walda, har wurin ya tashi kamar gidan zanzaro. Na gurje abin da zai gurzu, na fesa farin fenti ya rufe sauran. Da asuba na ɗaure ta a jikin dirka na hau, na yi tsalle a kai sau goma. Ko motsi ba ta yi ba. Rabon da in ji alfahari irin wannan tun ranar sunan ɗan farinmu.

Na naɗe ta a tawul na kai wa Baba. Ya miƙo hannu ɗaya ya karɓa, hannun ya yi ƙasa har sai da ya tallafa da ɗayan. Bai ce komai ba. Ya ɗora ta hagun a sikeli, ba ta kai kilo ɗaya ba. Ya ɗora tawa. Kilo 4 da ɗoriya.

Na ce, "Amma fa ba za ta taɓa karyewa ba."

Ya ce, "Na yarda. Jirgin ne zai karye ya bar ta."

Ya yi mini bayani, a hankali kamar yana gaban ɗalibai, cewa kowane kilo da aka ƙara wa jirgi sai an rubuta shi an sake lissafin inda nauyi ya rinjaya, balle wanda ya faɗo ta baya. Kuma in likkafa ta fi ƙarfin abin da aka ɗaure ta a kai, duk dirar da na yi fatar jirgin ce za ta sha, wadda ni da kaina na san kaurinta tun ranar da na huda ta. Wannan karon bai ce abin sha'awa ba. Ina jin kalmar ce ta ƙare masa.

Ni na biya kuɗin sabuwa. Da ta iso muka kai wa wata tsohuwa 'yar ƙungiya, kaka mai jikoki, wadda ta yi rayuwarta tana walda a masana'anta, don ta ƙara mata ɗan tallafi a wurin da waccan ta tsage. Injinta ba ya tartsatsi, ba ya hayaƙi. Wata 'yar allura ce ke ba da wuta, iskar gas tana rufe wurin, tana taka feda da ƙafa kamar mai keken ɗinki, ɗaya hannun yana ɗiga siririyar waya. Minti goma ta ɗaga gilashi. Waldar ta jeru ƙanana-ƙanana kamar kitson amarya. Na tsaya ina kallo, na rasa inda zan sa hannuwana.

Sai idonta ya faɗa kan tawa, da Baba ya zo da ita ban san dalili ba. Ta ɗaga da hannu biyu, ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa. Ta dube ni da fara'a ta ce, "Ɗana, ta wace gada ce wannan?" Ta roƙa a bar mata. Har yanzu tana nan, da ita suke tokare ƙofar rumfar jirage in iska ta taso, kuma an ce ba ta taɓa ba su kunya ba.

Yanzu da baya nake saukowa, ƙeyata ga jama'a, ina laluben ƙarfe da ƙafa. Amma abin ya tsaya mini a rai, sai na nemi lambar Oga. Ya tsufa, yara ne suke masa aikin, shi yana zaune a benci yana faɗa. Na tura masa hoton ta WhatsApp, na kira, muka gaisa, na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da sikelin.

Ya ce, "Kai yaro, wa ya yi wannan aika-aikar?"

Na ce, "Ni ne, Oga."

"Rodi ɗan nawa ka sa a ciki?"

"Ɗan 12."

Ya yi shiru, ina jin ƙarar guduma a bayansa. Can ya ja tsaki.

"Shi ya sa Baturen ya ƙi karɓa. Jirgin sama guda, ka sa masa ɗan 12? Ai ɗan 16 ake sawa."